Ba Duk Abin da Hoto Ya Nuna a Ƙashi Ne Daji Ba

"Hoto ba ya ƙarya." Wannan magana tana yawo a bakin ɗakunan ɗaukar hoto na asibitocinmu, kuma tana yin ɓarna. Mutum ya karɓi takardar sakamako, wani mai ɗan karatu ya duba masa ya ce an rubuta ana zargin ƙari a ƙashi. Kafin ya isa gida ƙari ya zama daji a bakin dangi, kafin gari ya waye an gama shawarar cewa likitoci ƙafa za su yanke, gara a nufi wurin maɗori. Da yawa daga nan ba sa sake taka asibiti sai abu ya ƙazanta.

Gaskiya ne hoto ba ya ƙirƙiro abin da babu. Amma ba ya faɗin sunan cuta. Ƙashi ba shi da hanyoyi da yawa na nuna ya ji ciwo: ko ya zaizaye, ko ya ƙara tauri, ko siririyar fatar da ke lulluɓe da shi ta ɗago ta fara shimfiɗa sabon ƙashi. Mugunya tana jawo haka, tsagewa tana jawo haka, daji ma haka. Shi ya sa likitan da ke karanta hoto yake tambayar shekarun mara lafiya, da wane ƙashi ne, da tun yaushe, da ko an bugu, da ko akwai zazzaɓi. Na'urar MRI mai tsada ba ta kawar da wannan buƙata ba. Ita ta fi eksire ganin kumburi da ruwa a cikin ɓargo da tsoka, saboda haka wani lokaci ƙaramin rauni yakan fito a cikinta da girma mai firgitarwa.

Masu cewa duk ramin da aka gani a ƙashin yaro mugun abu ne, sun yi kuskure. Akwai wani ɗan gurbi mai zare-zare da ke fitowa a gefen ƙashi, galibi kusa da gwiwa, wanda ake samu a wajen kashi 30 cikin 100 na yara masu tasowa. Ba ya ciwo. Yawanci ana cin karo da shi ne idan yaro ya yi targaɗe a filin ƙwallo aka ɗauki hoto. Gefensa a zagaye yake tsaf da farin layi, kuma da yaro ya girma ƙashi yakan cike gurbin da kansa. Likitocin hoto suna sa shi cikin jerin abubuwan da suke kira na kada-a-taɓa, wato waɗanda kamanninsu kaɗai sun isa shaida, ba allura ba wuƙa. Sai idan ya yi girman da zai raunana ƙashi ne ake sa masa ido.

Wanda ya fi ruɗa mutane, har da ma'aikatan lafiya, shi ne ƙashin da ke tsirowa a cikin tsoka bayan bugu. Saurayi ya sha taka a cinya wajen ƙwallo, ko ɗan acaɓa ya faɗi a kan dantsensa, ko doki ya harbi mutum. Jini ya kwanta a cikin tsoka. Maimakon ya baje, bayan mako biyu ko uku sai wurin ya zama ƙullutu mai tauri, mai zafi, mai saurin girma. Idan aka yi MRI a wannan lokaci, hoton yakan yi kama da mugun ƙari. Abin da ya fi haɗari, idan aka yi gaggawar ɗebo tsoka daga tsakiyarsa, abin da mai duba madubin awo zai gani yana iya kama da dajin ƙashi. An taɓa yi wa mutane babbar tiyata a kan wannan kuskure, kuma littattafan likitanci sun daɗe suna gargaɗi a kai. Abin da ke raba gardama shi ne lokaci. Bayan mako huɗu zuwa shida, eksire ko CT yakan nuna ƙashi ya fara kamawa daga gefe, kamar ɓawon ƙwai, tsakiya na nan da taushi. Dajin da ke yin ƙashi akasin haka yake, ya fi tauri a tsakiya. Saboda haka idan likita ya ce a dawo bayan wata guda a sake hoto, ba sakaci ba ne, kuma ba neman kuɗi ba ne. Tausa da murza irin ta maɗori a kan irin wannan ƙullutu tana iya ƙara masa jini da kumburi.

A yankinmu, manyan masu kwaikwayon daji su ne ƙwayoyin cuta. Ruɓar ƙashi a jikin yaro tana zuwa da zazzaɓi, da kumburi, da ciwo, hoto kuma ya nuna ƙashi ya cinye an jera sabbin shimfiɗu a kansa. Dajin da James Ewing ya bayyana a 1921, wanda ke kama yara da matasa, shi ma da zazzaɓi da kumburi da irin wannan hoto yake iya zuwa. Ƙwararru kansu sukan kasa rabewa sai an ɗebo samfuri an duba, an kuma shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. Tibi ma ba a huhu kaɗai yake zama ba. Yana cin ƙashin baya har ya karya shi mutum ya yi doro, wani ma ƙafafunsa su mutu, kuma hotonsa yana iya kama da dajin da ya yaɗu. Wannan cuta ce da ake warkewa da maganin tibi na watanni, wasu kuma a haɗa da tiyata. Abin baƙin ciki ne a mayar da irin wannan mara lafiya gida a ce sai addu'a saboda an ji kalmar ƙari.

Masu sikila suna da nasu. Idan jini ya toshe a cikin ɓargo, wani yanki na ƙashi yakan mutu ya bar tabo mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke iya kama da ƙarin guringuntsi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, don haka duk wanda za a ɗauka hoto ya faɗi nau'in jininsa tun kafin a tambaye shi. A busassun ƙasashe irin su Sudan, Chadi, Nijar da arewacin Najeriya akwai masitoma, cutar da ke shiga ƙafar manomi ko makiyayi ta hanyar ƙaya, ta kumbura a hankali tsawon shekaru ba ciwo sosai, daga baya ta huda ƙofofi tana fitar da ƙananan tsaba. Kafin ta huda, ƙullutu ce kawai mai kama da ƙarin tsoka. Jami'ar Khartum ta kafa cibiya sukutum don ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2016. Ko kurkunu, da aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, yakan bar gawarsa ta daskare a cikin tsokar dattawa ta fito fari a eksire.

Sai dai akwai jita-jitar ɗaya ɓangaren, kuma ita ta fi kashe mutane: wai tunda an bugu a wurin, ai bugu ne kawai, ko tunda ba ya ciwo, ai ba komai. Bugu ba ya haifar da dajin ƙashi, wannan gaskiya ne. Amma sau da yawa bugu ne ke jawo hankali ga dajin da ya riga ya zauna, sai a yi watanni ana ɗori da shafe-shafe. Matashin da gwiwarsa ke ciwo makonni, ciwon yana tashinsa daga barci, kumburi na ƙaruwa, wannan ba na maɗori ba ne. Dajin tsoka kuwa galibi ba ya ciwo da farko. Ƙullutan da ba su da haɗari, irin na kitse, sun ninka miyagun wajen sau 100, amma duk ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yake can ƙasan tsoka, ko yake girma, ko ya dawo bayan an cire, yana buƙatar bincike. Eksire mai kyau ma ba wanke kai ba ne, domin sai ƙashi ya rasa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ma'adininsa kafin rami ya bayyana. Ga wanda ya haura shekara 40, rami a ƙashi yana iya zama dajin da ya taso daga nono, ko ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza wato furostet, ko huhu, ko ƙoda.

Ana kuma cewa idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya fantsama, don haka kada a yarda a ɗebi samfuri. A nan akwai ƙwayar gaskiya da ya kamata a faɗa. Ɗibar samfuri da allura ba ita ke sa daji ya watsu a jiki ba, kuma ba tare da ita ba babu wanda zai san ko maganin ƙwayoyin cuta za a ba da ko na daji. Amma hanyar da allura ko wuƙa ta bi tana iya ɗaukar ƙwayoyin ƙarin, shi ya sa likitan da zai yi babbar tiyata yake cire wannan hanya tare da ƙarin. Idan aka tsaga ta inda bai dace ba, ƙafar da za a iya ceto tana iya salwanta. Tsagar wanzami, da sakiya, da "bari mu ɗan cire mu gani" a ƙaramin ɗakin shan magani, duk suna cikin wannan haɗari. A asibitin da ke da likitan ƙashi, da na hoto, da na duba samfuri a wuri ɗaya ya kamata a ɗebi samfurin, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa.

Wanda aka tura can ya tafi da duk tsofaffin hotunansa, ba takardar sakamako kaɗai ba. Hoton bara da ya nuna gurbi bai canza girma ba yana iya hana tiyata gaba ɗaya. Ya faɗi faɗuwar da ya yi ko da ta wata uku ce, da allurar da aka yi masa a wurin, da tarin da wani ke yi a gida, da ciwon ƙoda idan akwai, domin shi ma yakan sa wani ƙullin da ke wuya ya riƙa zuƙe ma'adinin ƙashi har ramuka su fito, kuma gwajin jini ne ke gano shi.