FILIN MATA: Daga Koyon Awarar Madara Zuwa Cin Gashin Kai

Yau filin namu ya leƙa Turawa ta ƙasar Ƙaraye, yankin da rugage ba su nisa da gari, daga nan har Rogo. Magana ce ga yarinyar da ta gama koyon awarar madara a hannun uwar ɗakinta, tana son ta ci gashin kanta. Ba awarar waken suya muke nufi ba, ta madarar shanu, 'yar'uwar cukun mutanen Nijar.

Aikin kansa kin riga kin sani. A tace madarar safe, a ɗora kan wuta marar ƙarfi, a daka ganyen tumfafiya a tace ruwansa a zuba. In ta kama, a kwashe cikin ƙananan kwanduna ta tsane. Tumfafiya in ta yi yawa ɗaci take sawa, kuma a kiyaye ƙaronta da ido.

Abin da ke kayar da sabuwar shiga, madarar ce. Kusan lita 5 ake dafawa kafin a sami kilo 1, ga shi farar saniyarmu ba ta cika wuce lita 1 ko 2 a yini ba bayan maraƙi ya sha. A gidan uwar ɗakinki ƙwarya cike kike tararwa, ba ki taɓa tambayar wanda ya sha raɓa ya kawo ta ba. To, yanzu ke ce.

Don haka kada ki ɗauki kuɗin adashi ki ruga kara sayen saniya. Fara ƙulla amana da matan ruga biyu ko uku, ki riƙa biyansu a kan lokaci. Da damina madara araha take, kowa gwana ce. Rani ke nuna mai sana'a. Madatsar Challawa da aka gama a 1992 ta sauƙaƙa ruwa a wannan yanki, amma ruwa kaɗai ba ya kawo nono. Ranar da kika sayi taki saniyar, ya zama tun kaka kin tara harawa da dusa.

Sai kasuwa. Awarar madara ba ta jure zafi, kwana biyu ta fara sauyawa. Ki san masu saye kafin ki hura wuta, abin da ya ragu kuwa ki tafasa da gishiri ko ki soya. Kuma ki nemi izinin uwar ɗakinki ki fita da albarkarta, kada ki janye mata masu ciniki.