Waya Tana Kawo Labari, Amma Buhu Ke Ba da Shaida

Kowace shekara bayan kaka, masu ba ƙungiyoyinmu rancen taki da iri sukan aiko da tambaya guda: shin taimakon nan ya ƙara wa manomi hatsi, ko kuwa? Bisa ga amsar da suka samu ne za su yanke shawara, ko su ci gaba baɗi, ko su janye. A da, malamin gona yakan hau keke ko babur ya zaga ƙauyuka da littafinsa. Yanzu kuwa, ko a Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, ana iya ce wa sakataren ƙungiya ya ɗauki hoton gona ya aika ta WhatsApp.

Wannan hanya tana da amfani ƙwarai. Tsutsar nan mai cin masara da dawa, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ba ta jiran malamin gona ya sami mai a babur. In an aika hotonta da safe, kafin yamma an sami shawara. Haka kuma hasashen damina na hukumar NiMet, da rahoton amfanin gona da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ke fitarwa, duk ana samun su a intanet. Ƙungiya tana iya gwada abin da ta girbe da na sauran jiha.

Amma fa a lura. A 2012, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina ke ministan aikin gona, Gwamnatin Tarayya ta soma raba taki ta hanyar waya. Manomin da aka rubuta sunansa yakan sami saƙo, ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Shirin ya rage wa 'yan baranda ƙarfi. Duk da haka wanda ba shi da waya, ko wanda ƙauyensu ba sabis, ya sha wahala kafin rabonsa ya iso. A watan Satumba na 2021 kuma aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda rashin tsaro, har tsawon watanni. Duk ƙungiyar da lissafinta ke cikin waya kaɗai, da me za ta ba da shaida a irin wannan lokaci?

Ga wata matsala kuma. Ba mai ɗaukar hoton gonar da wuta-wuta ta cinye. Kowa gefen da ya yi kyau yake nunawa. Sa'an nan masu babbar waya yawanci samari ne da masu hali. Gwauruwar da ke noma gyaɗa a gayaunarta, da tsohon da ba ya karatu, ba a jin muryarsu. In rahoto ya ce kowa ya sami albarka alhali wasu sun faɗi, za a nemi cikakken biyan bashi, kuma ba za a gyara abin da ya ɓaci ba.

Saboda haka muna ba kowace ƙungiya shawara kamar haka:

1. Kafin shuka, a rubuta girman gonar kowane mamba da dami ko buhu nawa ya samu bara. In ba a san na bara ba, ba za a san ko bana an ci gaba ba.
2. A gwada a gona guda: rabi da sabon iri da taki, rabi yadda aka saba. A girbe su dabam, a auna da tiya ɗaya.
3. A zaɓi mutum uku, har da mace, su duba gonaki da idonsu. A yi ƙuri'a wajen zaɓen gonakin.
4. A nemi iznin mai gona kafin a ɗauki hoto. Kada a watsa sunayen masu bashi a dandalin WhatsApp.
5. Duk abin da aka aika ta waya, a fara rubuta shi a littafin ƙungiya, a karanta a gaban taro.

'Yan'uwa manoma, gani ya kori ji. Kakar bana, kada sakatarenku ya aika rahoto sai an auna hatsi, an kuma ji ta bakin waɗanda gonarsu ba ta yi ba.