Kalmar “Ƙafa” a Hausa da Takwararta a Harsunan Silab: Abin Lura ga Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kurakuran da malaman Ingilishi ke yawan ja wa jan biro a makarantun Nguru da Gashuwa da Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, akwai sanya kalmar leg a gurbin foot. Ɗalibi zai rubuta cewa ya sa takalmi a leg ɗinsa, ko ƙaya ta soke shi a leg, alhali tafin ƙafa yake nufi. Wasu malamai kan ɗauki wannan a matsayin rashin kula, wasu kuma su ce ai Hausa ce ta gaza, tun da kalma ɗaya gare ta inda Ingilishi ke da biyu. Wannan maƙala za ta nuna cewa duka fahimtar biyu ba daidai ba ne, ta hanyar kwatanta Hausa da wasu harsuna na nesa, wato harsunan Silab na Gabashin Turai.

2.0 Yadda abin yake a harsunan Silab

Harsunan Silab dangi ne guda da ya ƙunshi Rashanci da Folanci da harsunan Yukren da Cek da Sabiya da Bulgeriya da wasunsu. A Rashanci da Folanci da harshen Sabiya, kalmar noga ita ce sunan gaɓar baki ɗaya, tun daga cinya har yatsu. Mutanen Cek da Yukren kuwa noha suke cewa, domin sautin g na asali ya koma h a bakinsu. Harshen Bulgeriya ya saki wannan kalma a maganar yau da kullum ya riƙi krak, amma ita ma krak ɗin duk gaɓar take nufi. Ke nan kalma ta sauya, yadda aka yanka ma'ana bai sauya ba. Haka abin yake ga hannu: ruka ta Rashanci ta haɗa damtse da tafi, kamar dai kalmarmu.

Wannan bai hana su keɓe ƙarshen gaɓar ba idan buƙata ta taso. Likitan Foland yana da stopa, na Sabiya yana da stopalo, na Cek yana da chodidlo, kamar yadda Bahaushe ke da sawu da tafin ƙafa. Tarihin kalmar ma abin sha'awa ne. Masana sun nuna cewa noga ta fito daga saiwa ɗaya da nogot, wato farce a Rashanci, da naga, wato kofato a harshen Lituweniya, da nail ta Ingilishi. Sunan ɗan abin da ke can ƙarshe ne ya yi ta faɗaɗa har ya mamaye gaɓar duka. Tsohuwar saiwar da ta haifi foot ta Ingilishi da pes ta Latin kuwa ta saura a kalmomi irin su peshkom, ma'ana tafiya a ƙasa.

Abin da ya kamata mai tsara manhaja ya lura da shi shi ne, da waɗannan harsuna ake koyar da aikin likita da tiyata a jami'o'in Mosko da Waso da Firag, kuma ba a taɓa jin an ce noga ta hana kowa sanin ƙasusuwan jiki ba.

3.0 Hausa da maƙwabtanta a arewacin Yobe

A kundin tsare-tsaren harsunan duniya da aka wallafa a 2005, Cecil Brown ya duba harsuna 617 game da hannu, ya tarar 228 daga cikinsu kalma ɗaya suke amfani da ita ga damtse da tafi. Tun a 1985 shi da Stanley Witkowski suka kawo hasashen cewa yanayi na da hannu a ciki: inda ake sanyi ana sa safa da takalma da riguna masu dogon hannu, sai tufafi su shata iyaka a jiki, harshe kuma ya bi. Hasashen yana da daɗin ji, kuma zai iya dacewa da yanki mai zafi kamar namu, sai dai sanyin Rasha ya fi hunturun Gashuwa nesa ba kusa ba, ga shi kuma noga ba ta rabu biyu ba. Don haka ba abin da za a shigar cikin littafin ɗalibi ba ne a matsayin doka.

Yaron da ke zaune a ajin firamare a Karasuwa sau da yawa Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Yana iya zama Bamange ko Babade ko Bafulatani, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta ya same ta. A Barbarci shi na ɗaukar ma'anar gaɓar duka, musko kuma hannu duka. A Fulatanci haka kosngal da junngo suke. Idan ya je makarantar allo ko Islamiyya zai haɗu da rijl da yad na Larabci, waɗanda su ma suna da faɗin ma'ana. Wato harsuna uku ko huɗu sun riga sun tabbatar masa da tsari ɗaya kafin Ingilishi ya zo da nasa. Ba abin mamaki ba ne kuskuren ya yi naci har zuwa babbar sakandare.

Hausa kuwa ba ta da ƙarancin kalmomi a nan. Akwai cinya da gwiwa da ƙauri da sha-raɓa da agara da idon sawu da diddige ko dunduniya da tafin ƙafa da yatsu. Abin da babu shi ne wajabcin a yanka gaɓar gida biyu daidai idon sawu duk lokacin da aka buɗe baki. Ingilishi na tilasta wa mai magana ya zaɓa, Hausa kuwa ta bar masa zaɓin sai ya ga dama.

4.0 Abin da ya shafi manhaja

Akwai wata dabara da ake gani a allunan wasu azuzuwa, wadda a ganina ɓarnarta ta fi gyaranta: a rubuta ƙafa daidai da leg, sawu daidai da foot, a ce yara su haddace. Yaro zai fita waje ya ji ana ƙwallon ƙafa, ana wanke ƙafa, ana sayar da fili ƙafa 50 da ƙafa 100, sai ya ga duk waɗannan foot ne a Ingilishi. Ya shiga darasin adabi kuma a koya masa ƙafafuwan waƙa a ilimin aruli. Sawu ma a bakin jama'a ya fi karkata ga alamar da aka bari a ƙasa, ko ga ƙirgen zuwa, kamar a ce ya yi sawu uku. Jerin kalma-da-kalma irin wannan yana koya wa yaro Hausar da babu mai yin ta.

Abin da ya fi shi ne zane biyu na gaɓa ɗaya a shafi ɗaya, ɗaya da sunayen Hausa, ɗaya da na Ingilishi, a ja layi a idon sawu a na biyun, malami ya faɗa ƙarara cewa iyakar ce ta bambanta. Darasin alwala zai taimaka ƙwarai, domin aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta sanya wa wanke hannu iyaka a gwiwar hannu, wanke ƙafa kuma a idon sawu. Yaran sun riga sun san yadda ake ɗaukar kalma mai faɗi a gindaya mata iyaka. Sai a ce musu abin da ake wankewa a alwala shi ne foot, abin da wando ke rufewa shi ne leg.

Bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi a koyar da harshen uwa ko na muhalli a shekaru uku na farkon firamare, Ingilishi ya karɓa daga aji huɗu. A 2022 an faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya sanar da komawa ga Ingilishi. Ko wace manufa aka bi, yaron Jajimaji da harshensa zai shigo aji, don haka wannan bayani ya kamata ya shiga jagoran malami na kimiyyar firamare da na kiwon lafiya, ba na Ingilishi kaɗai ba.

Kayan aiki ma akwai su. Ban da ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, aikin binciken harsunan Yobe da marigayi Russell Schuh ya jagoranta tare da Alhaji Maina Gimba ya fitar da ƙamusoshin Badanci a 2004, ɗaya na karin Gashuwa ɗaya na karin yamma, kuma kowace kalma an ba da ma'anarta da Hausa da Ingilishi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, waɗanda ake turawa koyon aikin koyarwa a makarantun yankin, za su iya amfani da su wajen ƙara shafi na uku a zanen, inda yara za su cike sunayen sassan ƙafa da harshen gidansu.