Gyaran Dasashi: Iyakar da Wuƙar Likita Ba Ta Ƙetarewa

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya ɗauki baki wurin ado. An yabi wushirya, mata kuma sun daɗe suna rina haƙora da goro da furen taba. Sai dai kyan murmushi bai tsaya ga haƙora kaɗai ba, dasashi ma yana da nasa rabon. Wani in ya yi dariya sai ka ga nama ya fi haƙori yawa, wani kuwa dasashinsa ya sauko a kan wannan haƙori, ya haye a kan wancan. Likitocin haƙora suna da ƙaramar tiyata ta daidaita wannan layi.

Me Ke Kawo Shi?

Bayan haƙori ya tsiro, dasashi kan riƙa ja da baya sannu a hankali har ƙarshen samartaka. Idan bai ja sosai ba, haƙorin gaba na sama, wanda tsawonsa na fili ya kai milimita 10 zuwa 11, sai ya zama kamar guntu. Dattin da ke taruwa a gindin haƙora ma yana kumbura dasashi. Haka nan wasu magunguna suna sa shi tofo, kamar phenytoin na farfaɗiya da nifedipine na hawan jini. Wani lokaci kuwa dasashin lafiyarsa lau. Leɓen sama ne gajere, ko ƙashin muƙamuƙin sama ya yi tsawo, kuma yanka nama ba ya maganin waɗannan.

Yadda Ake Aikin

Aikin ba sabo ba ne, domin Robicsek ya bayyana irinsa a Viyana tun 1884. Likita yakan yi allurar kashe zafi, ya auna zurfin dasashi da siririn ma'auni, sa'an nan ya rage naman da ya yi yawa da wuƙar tiyata ko hasken leza. Saman ciwon kan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu.

To, ina iyakar yankan? A 1961 Gargiulo da Wentz da Orban suka auna naman da ke manne da haƙori a saman ƙashi, suka sami kimanin milimita 2. In an haɗa da ɗan kwarin da ke bakin dasashi, ya zama wajen milimita 3. Wannan nama shi ne katangar da ke hana ƙwayoyin cuta isa ga ƙashi, kuma jiki ba ya yarda a taɓa masa ita. Idan aka yanka har kusa da ƙashi, ko dai naman ya sake tofowa, ko ya yi ta kumburi. Shi ya sa wani lokaci tilas likita ya ɗaga dasashin ya rage bakin ƙashin tukuna. Idan kuma aka wuce gona da iri, saiwar haƙori ta fito, mutum ya riƙa jin tsami duk lokacin da ya sha ruwan sanyi.

Shawara ga Ɗalibai

Matashi kada ya yi gaggawa, domin mai yiwuwa dasashinsa bai gama ja ba. A fara da asuwaki ko buroshi safe da dare. Kumburin datti kan sace ba tare da wuƙa ba. Mai shan maganin farfaɗiya ko hawan jini kada ya daina da kansa, ya koma wurin likitansa. Mai ciwon suga da mai shan taba su sani ciwonsu kan jima bai warke ba. Wanda kuwa ya ce zai gyara maka dasashi ba tare da ya auna inda ƙashi yake ba, ka rufe bakinka ka kama hanya.