Babi na Shida: Maƙogwaron Firinta

Duk wanda ya ajiye firintar 3D a ɗakinsa ko da na wata guda ne ya san wannan ƙarar: ƙas, ƙas, ƙas. Kan firinta na ta kai-kawo yana zana iska, ko ɗigon roba ba ya fitowa, aikin awa shida ya tsaya a rabi. Abin da ke fara zuwa bakin mai ita shi ne "baki ya toshe." Sai ya ɗauko allura ya tsokale, ko ya kwance bakin ya jefar ya ɗaura sabo. In hakan bai yi ba, ya ƙara wuta. Ni kuwa mafi yawan cushewar da na gani da idona ba a baki take ba. Can sama take, a wani ɗan siririn bututu da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, wanda masu wannan sana'a ke kira maƙogwaro. A kansa zan fi daɗewa a wannan babi.

Mu bi zaren roba daga farko. Kaurinsa milimita 1.75 ne a yawancin firintocin gida. Wata 'yar giya mai haƙora tana cizonsa tana tura shi gaba, ita da motarta su ne maturi. Daga nan ya ratsa wani ƙarfe mai fiffike irin na kan injin babur, wanda fanka ke hura wa iska, ya shiga maƙogwaro, ya faɗa murhu, wato ɗan tubalin alminiyon da ake dafawa, ya narke, ya fita ta bakin tagulla mai ƙofar milimita 0.4. Idan aka gwada faɗin zaren da faɗin ƙofar, robar da ke cika wuri goma sha tara ce ake matsawa ta wuri ɗaya. Wannan na buƙatar ƙarfi, kuma babu wani fanfo a ciki. Zaren da bai riga ya narke ba shi ne sandar sirinji: shi ke danna narkakken da ke gabansa. Muddin sandar na da tauri, aiki na tafiya. Ranar da ta yi laushi, ka koma tura igiya.

Asalin dabarar ma daga abu mai sauƙi ya fito. Scott Crump, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Stratasys tare da matarsa, ya fara ne a 1988 da bindigar gam, yana yi wa 'yarsa kwaɗon wasa da haɗin roba da kakin kyandir. Haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009, kuma a lokacin Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya riga ya yi shekara huɗu da fara shirinsa na RepRap, inda kowa ke iya ɗaukar zanen injin kyauta ya ƙera nasa. Daga wannan zuriya firintocin Prusa da Ender da sauran na kan teburi suka fito. Dukkansu bindigar gam ce da aka ɗora a kan dogo, kuma duk wanda ya taɓa barin bindigar gam a jone ya manta ya ga yadda sandar ke laushi ta kumbura ta baya har ta ƙi shiga. Ciwon ke nan.

Robar PLA, wadda kusan kowa ke farawa da ita, ana buga ta ne tsakanin digiri 190 da 220. Amma ba sai ta kai nan take rasa ƙarfinta ba. Tun a wajen digiri 60 take zama kamar cingam. Saboda haka aikin maƙogwaro shi ne ya raba duniya biyu a tazarar 'yan milimitoci: ƙasansa digiri 200, samansa ƙasa da 60. Shi ya sa ake yin sa da ƙarfen da ba ya saurin ɗaukar zafi, baƙin ƙarfe marar tsatsa ko taitaniyam, a kuma fiƙe tsakiyarsa ya yi siriri kamar zai karye. Duk da haka zafi yana ɗan tsallakewa, shi ya sa aka sa fiffiken nan da fanka su kwashe shi. Idan fankar ta gaza ko kaɗan, zafin zai riƙa hawa a hankali, zaren ya yi laushi tun kafin ya iso murhu, maturi ya danno shi daga sama, ya kumbura ya cika bututun kamar toshiyar kwalba.

Yanzu ka yi lissafi. Injiniyan da ya gwada injinsa a ɗaki mai digiri 20 yana da rarar digiri 40 kafin roba ta yi laushi. Kai da ke zaune a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, iskar da fankarka ke hurawa da kanta tana iya kai 40. Rabin rarar ta tafi tun ba ka kunna komai ba. Littafin da ke zuwa cikin kwalin firinta ba zai gaya maka wannan ba.

Ni da kaina sai da na sha wuya kafin na gane. Wata bazara na sa wani aiki mai tsawo, murfin akwatin batir, wanda zai ci kusan awa tara. Ya fara lafiya lau, shimfiɗar farko kamar an goge da dutsen guga. Bayan awa ɗaya da 'yan mintoci sai ƙas, ƙas. Na cire zare, na yanke, na mayar, ya ci gaba da fita sumul kamar ba abin da ya faru. Na sake sa aikin, ya sake tsayawa kusan daidai wurin. Na zargi fayil ɗin. Na zargi zaren, na sayo wani. Na canza baki sau uku cikin mako ɗaya, ina jefa lafiyayyun bakuna a kwandon shara. Na ƙara wuta daga 200 zuwa 215, sannan 230, sai ya koma tsayawa bayan minti arba'in. Ko wannan bai farkar da ni ba. Ɗan wana, yaro ɗan firamare da ke zuwa kallon injin duk yamma, shi ya tsuguna ya leƙa ta ƙasa ya ce, "Baffa, wannan fankar taka kamar ba ta karya ba." Na duba. Tana juyawa, amma ana iya ƙirga fiffikenta. Ƙurar hunturun da ya wuce ta haɗu da siraran gashin roba ta daskare a bayanta kamar auduga, fiffiken ƙarfen kuma ya cushe ɗam. Na wanke da buroshin haƙori, na sa sabuwar fanka, na mayar da wuta 200. Murfin ya fita a daren.

Don haka ina roƙo a daina cewa ƙarin wuta maganin cushewa ne. Ana faɗinsa kamar karatun allo, kowa ya karɓa daga wani. Idan zafi ne ke hawa maƙogwaro, ƙara wuta kamar zuba fetur ne a gobara, kuma robar da ta daɗe tana dahuwa a murhu tana ƙonewa ta bar baƙin gawayi, wanda shi kuma sai ya toshe bakin da gaske. Ka ga an haifi ciwon da ake zargi tun farko. Akwai lokacin da wutar ta yi kaɗan da gaske, ba na musu. Alamarsa daban: ƙarar na zuwa ne idan injin ya yi gudu, ta ɗauke idan ka rage masa sauri. Hawan zafi kuwa agogo yake bi. Ba ya zuwa a farkon aiki, sai injin ya jiƙu da zafi, kuma ya fi son ƙananan ayyuka masu tafiyar hawainiya, domin zaren da ke wucewa da sauri shi kansa yana kwashe zafi ya yi ƙasa da shi. Hujja ta ƙarshe tana kan zaren. Zaro shi ka duba ƙarshensa. Idan ka ga kumburi mai tsawo, ya fi sauran zaren kauri, ka sami ɓarawonka.

Abubuwa biyu da ake yi da kyakkyawar niyya suna ƙara dagula lamarin. Na farko kifa kwali ko gina akwati a kan firinta don tsare ƙura. Robar ABS tana son haka, ita sai wajen digiri 105 take laushi, kuma iska mai sanyi na tsaga ta. PLA a rufaffen akwati kuwa gasa kanta take yi. Buɗe ƙofar. Na biyu kashe injin da zarar aiki ya ƙare. Murhu yana nan da digiri 200, ka tsayar da fanka, ina zafin zai tafi? Sama. Gobe da safe ka tarar da zare ya manne, ka rantse jiya lafiya ka bar shi. A jira ma'aunin zafi ya sauko ƙasa da 50 tukuna. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ma haka take yi, ba tare da ta nemi izininka ba, shi ya sa mai firinta a ƙasashenmu ya fi buƙatar inbata fiye da duk wani kayan ƙawa da zai saya wa injin. In zare ya manne haka, kada ka fizge shi da sanyinsa. Dafa murhun, ka fara danna zaren ƙasa kaɗan, sannan ka zare shi da sauri a ja ɗaya.

Akwai kuma ja-da-baya, wato yadda maturi ke ɗan janye zare idan kan zai tsallaka fili don kada ya bar gashi. Firinta mai dogon tiyo tsakanin maturi da kai, irin wadda ake kira Bowden saboda kamarta da wayar birkin keke, tana buƙatar milimita huɗu zuwa shida. Wadda maturinta ke zaune a kan kai ba ta wuce ɗaya ko biyu. Ka ba ta shida, ka riƙa jawo narkakkiyar roba cikin sanyi sau ɗaruruwa, sauran bayanin ka san shi.

A firintoci masu araha irin Ender 3 ta 2018, farin tiyon Teflon yana ratsa maƙogwaro har ya dafa bayan baki. Idan ba a yanke ƙarshensa daidai ba, ko maƙallin sama ya saki, sai a sami 'yar tazara, roba ta taru a ciki ta zama zobe. Gyaran: a yanke tiyon a miƙe, a sassauta baki kaɗan, a tura tiyon har ƙarshe, a ɗaure bakin da zafinsa. Baki kullum da zafi ake ɗaure shi, riƙe da murhun da wata sifana don kada a murɗe maƙogwaro. Kuma kada a wuce digiri 250 da irin wannan kai. Teflon yana lalacewa, hayaƙinsa kuma yana kashe tsuntsaye, mai kanari ko aku a ɗaki ya kiyaye. Masu gudun wannan sukan sayi maƙogwaro na zallan ƙarfe suna ganin sun rabu da cushewa har abada. Ina! PLA ta fi manne wa ƙarfe fiye da Teflon, irin wannan kai ya fi kowanne dogara da fankarsa.

Shi maturin kansa ba shi da wani sirri. Dafa murhu, saki hannun sifirin da ke matse zare a jikin giya, tura zaren da yatsunka. Idan ya fita a miƙe ba da wahala ba, ƙasa lafiya take, laifin na sama ne: haƙoran giya sun cika da garin roba, ko sifirin ya yi sanyi, ko hannun robar da ke danne zaren ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Idan ya ƙi, ƙarar da kake ji motar ce kawai ke tsallake taku don an fi ƙarfinta, kada ka hukunta ta. A shimfiɗar farko kuma, duba ko baki ya manne da farantin da ake buga aikin a kai har ya rufe wa kansa ƙofa.

Baki yana toshewa da gaske, musamman idan ƙura ta hau zare ta bi shi ciki, ko an sauya daga robar PETG zuwa PLA ba a wanke ragowar da zafinta ba. Za ka ga robar na fita siririya tana lanƙwashewa gefe. Maganin da na fi so ba allura ba ne. Dafa, tura zare har ya fito, kashe wutar murhu ka bar fanka, in ya sauko wajen digiri 90 ka ja shi da ƙarfi. Zai fito da siffar cikin bakin, dattin na manne a jikinsa. A maimaita har ya fito fes.

Sai zancen kwarkwaron zaren da ya harɗe, wanda kowa ke ɗora wa masana'anta. Zare ɗaya ne ake naɗawa daga farko zuwa ƙarshe, ta ina ƙulli zai shiga? Kai ne ka saki bakin zaren wata rana, ya zame ƙarƙashin ɗan'uwansa, ƙullin ya yi ta gudu a gabanka har ya ƙulle bayan awa biyar. Ramukan da ke gefen kwarkwaro don haka aka yi su. Da damina kuma zare na shan laima, ka ji yana tas-tas a baki kamar gishiri a wuta. Awa huɗu zuwa shida a digiri 45 na busar da PLA.

Fanka biyu ce a kan firinta, kada a rikita su. Ta gefe aikin da ake bugawa take sanyayawa, tana iya tsayawa ta tashi yadda aka umarce ta. Ta gaban fiffike ita ce tamu, kuma muddin murhu na da zafi ba ta da hutu. In za ka canza ta, duba ko ta bolt 12 ce ko 24, su biyun kamarsu ɗaya, ta 24 a layin 12 juyawa za ta yi a kasalance ta mayar da kai inda ka fito. Sannan ka lura da fuskarta. Yawancinsu ta gefen da aka manna takarda suke fitar da iska, don haka takardar ce ke kallon ƙarfen.