Ƙawata Ɗaki da Kuɗi Kaɗan a Birnin Bauchi

Hausawa suna cewa, "Araha ba ta ado." Ma'anar wannan karin magana ita ce abin da aka saya da kuɗi kaɗan ba ya cika yin kyau ko ƙarko. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma kada ka ɗauka cewa sai mai hannu da shuni ne kawai zai iya mallakar ɗaki mai kyau. Gidaje da yawa sun shiga ƙangin bashi saboda kayan ɗaki, musamman a lokacin aurar da 'ya mace, alhali da an yi tsari da an huta. A wannan darasi za ka ga yadda mutanen Bauchi na dā suka ƙawata ɗakunansu da abin da ke kusa da su, sannan ka koyi matakan da za ka bi ka sabunta naka ba tare da ka wahalar da kanka ko iyayenka ba.

Yadda magabata suka yi

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma Sarkin Bauchi na farko, shi ne ya kafa birnin Bauchi a shekarar 1809. An kewaye birnin da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Wunti. A wancan zamani babu siminti, babu fenti. Da ƙasa ake gini, da azara ake rufi. Duk da haka magina sun yi ayyukan da har yau ake zuwa kallo. Misali shi ne Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, wanda shahararren magini Muhammadu Durugu, da ake yi wa laƙabi da Babban Gwani, ya gina a ƙarni na 19. A shekarar 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihi na ƙasa.

Talaka ma yana da nasa adon. Idan an gina sabon ɗaki, matan unguwa sukan taru su yi daɓe. Sukan baza ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasar ta daskare. Daga nan sai a zuba ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, domin daɓen ya yi ƙarfi da sheƙi. Bango kuwa sai a shafe shi da farar ƙasa. Idan ɗakin amarya ne, sai a yi jere, wato a shirya ƙore da tasoshi da faya-fayai a jikin bango cikin tsari mai ban sha'awa. Daga baya kwanonin sanholo da tangaran suka maye gurbin ƙore, kabad kuma ta maye gurbin bango.

Ka lura da abubuwa uku a nan. Kayan aikin na gida ne, aikin na gayya ne, kyan kuwa daga tsari yake fitowa. Waɗannan abubuwa uku har gobe suna da amfani.

Mataki na farko: duba, ka lissafa

Kafin ka taka zuwa kasuwa, ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka dube shi da idon baƙo. Ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku: abin da ya lalace, abin da ya tsufa amma yana gyaruwa, da abin da kake sha'awa kawai. Sannan ka rubuta adadin kuɗin da ke hannunka, ka ware kashi ɗaya cikin goma domin abin da ba a zata ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan kuɗin bai kai ba, ka raba aikin wata-wata, ko ka shiga adashi, maimakon ka ci bashi. Idan gidan na haya ne, ka nemi izinin mai gida kafin ka taɓa bango ko ƙasa.

Mataki na biyu: gyara kafin ado

Yanayin Bauchi yana da tasiri a kan ɗaki. Da damina ruwa yakan bi rufi mai yoyo ya ɓata silin, danshi kuma ya taso daga ƙasa ya kumbura fenti. Da hunturu iska takan kwaso ƙura ta shigo da ita ta kowace kafa. Saboda haka kuɗinka na farko ya tafi ga toshe yoyo, da cike tsagar bango, da gyaran ƙyauren taga. Ka duba katakon ƙofa da ƙafafun gado ko gara ta shiga. Wanda ya shafa fenti a kan bango mai danshi ya zubar da kuɗinsa, domin kafin shekara ta zagayo fentin zai ɓare. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da bango ya bushe sarai.

Bayan gyara sai rage tarkace. Ka fitar da duk abin da ba a amfani da shi, ka kyautar ko ka sayar. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma za ka ga ɗakin ya ƙara faɗi.

Mataki na uku: bango

Babu abin da ke sauya kamannin ɗaki da sauri kamar fenti. Launi mai haske, kamar fari ko ruwan madara ko shuɗi mai haske, yana sa ƙaramin ɗaki ya zama kamar babba, kuma yana ƙara masa haske da rana. Launi mai duhu yana matse ɗaki. Idan kana son launi mai ƙarfi, ka shafa shi a bango ɗaya tak, ka bar sauran ukun da mai haske.

Ga yadda za ka san yawan fentin da kake bukata. A ce ɗakinka yana da tsawon mita 3.6, faɗinsa ma haka, tsayin bango kuma mita 3. Ka tara tsawon bango huɗu, za ka sami mita 14.4. Ka ninka da 3, za ka sami kimanin murabba'in mita 43. Ka cire ƙofa da taga, saura kimanin 40. Tun da sau biyu ake shafawa, jimilla 80 ke nan. Yawanci lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, don haka lita 8 zuwa 10 za ta ishe ka, wato galan biyu zuwa uku masu cin lita 4. Ka ga ba ka bukatar babban bokiti mai lita 20, sai dai idan za ku haɗa kuɗi da maƙwabci ku raba. Kai da abokanka biyu kuna iya gama aikin a yini guda, kamar yadda matan dā suke taruwa a kan daɓe.

Mataki na huɗu: ƙasa da kujeru da labule

Idan ba ka da ƙarfin sa tayil, ledar ɗaki tana rufe simintin da ya tsufa, kuma tana da sauƙin gogewa. Kafet mai gashi yana da taushi, amma yana riƙe ƙura da hunturu, abin da kan cutar da masu ciwon asma. Tabarmar kaba mai launi ko ƙaramar darduma a tsakiyar ɗaki ta wadatar.

Tsofaffin kujeru kuwa, kada ka yi saurin jefar da su. Idan katakonsu yana da ƙarfi, kafinta zai ɗaure su, ya sauya soso da yadi, su koma kamar sababbi a kan kuɗin da bai kai na sayen wasu ba. Haka ma labule. Ka auna tagarka, ka sayi yadi a Kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa, ka kai wa telan unguwa. Faɗin yadin ya ninka faɗin taga sau ɗaya da rabi ko sau biyu domin ya yi tattara mai kyau. Ragowar ƙyallen sai a ɗinka rigunan matasai da shi. Ka taƙaita a kan launi biyu ko uku a ɗakin gaba ɗaya, domin yawan launi yana gajiyar da ido.

A kasuwa kada ka saya a shagon farko. Ka tambayi farashi a wuri uku, a Wunti ko a Muda Lawal ko wani wuri, sannan ka yi tayi. Kayan gwanjo ma suna da rana, matuƙar ka duba su da kyau. A nan ne karin maganar da muka fara da ita take da muhalli: katifa da wayar lantarki da makullin ƙofa ba wurin neman araha ba ne.

Mataki na biyar: haske da ƙananan kayan ado

Ka buɗe taga da rana, ka rataya madubi a bangon da ke fuskantar ta domin ya mayar da haske cikin ɗaki. Ƙwan lantarki na zamani mai cin wat 9 ko 10 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai cin wat 60, ga shi ba ya zafafa ɗaki. Duk aikin da ya shafi waya kuwa, ka bar wa ƙwararre.

Daga ƙarshe ka waiwayi jeren kakanninka. Faya-fayai uku ko biyar masu launi, ko ƙwarya mai zane, idan aka rataya su cikin tsari, sun isa su ƙawata bango. Tumtum na fata wurin zama ne kuma ado ne. Sayen irin waɗannan kaya yana taimakon masu sana'ar hannu na garinku. Idan za a sa turaren wuta, a ajiye kaskon nesa da labule da katifa, musamman da hunturu lokacin da gobara take saurin kamawa.

Bayan duk wannan, abin da zai riƙe kyan ɗakin shi ne shara da goge-goge da mayar da kowane abu mazauninsa. Ɗakin da aka share aka shimfiɗa wa tabarma ya fi ɗakin da aka cika da kujerun bashi daɗin zama.

Ma'anar wasu kalmomi

Mai hannu da shuni: mai arziki.
Azara: itacen giginya da aka tsaga domin rufin ɗaki.
Gayya: taruwar jama'a don taya wani aiki ba da lada ba.
Adashi: tara kuɗi tsakanin mutane, kowa ya kwasa idan lokacinsa ya zo.
Gwanjo: kayan da aka riga aka yi amfani da su, ake sake sayarwa.

Tambayoyi

1. Wane ne ya kafa birnin Bauchi, kuma a wace shekara?
2. Bayyana yadda ake yin daɓe.
3. Me ya sa gyara yake gabatar ado?
4. Auna bangon ajinku, ka lissafa litar fentin da zai ci.
5. Shin ka yarda cewa araha ba ta ado? Rubuta ra'ayinka a sakin layi biyu.