Fitar Da Bayanan Manoma Daga Rumbu Mai Kulle

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, noman rani ya kankama a ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, ana shinkafa da alkama da tumatir. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke riƙe da aikin. To, ruwa irin wannan ba ya rabuwa sai da lissafi: sunan mai gona, da girman gonar, da kuɗin ruwan da ya biya, da wanda a ke binsa.

A zamanin En'e, irin wannan lissafi malami ke rubuta shi a littafi, ya kulle a akwati. Yanzu kuwa a kwamfuta a ke zuba shi, cikin abin da a ke kira rumbun bayanai. Ba mai shiga sai da kalmar sirri, kowane ma'aikaci kuma da iyakar abin da aka yarda ya gani.

Amma ba don ajiya kaɗai a ke tara bayanai ba. Banki mai ba da rancen noma yana bukatar sunaye, haka mai rabon taki, haka mai zana taswirar gonaki. Masu karatu za su tuna da shirin taki na Gwamnatin Tarayya na 2012, wanda aka riƙa aika wa manoma saƙo ta wayar hannu. Ba domin an miƙa sunayensu da lambobinsu daga wannan na'ura zuwa waccan ba, da saƙon bai isa ba. Kowane ofis da tasa manhajar, ba ta kuwa iya buɗe rumbun wani. Saboda haka sai akawu ya fitar da kwafi cikin fayil, galibi irin wanda a ke kira CSV, watau layi ɗaya mutum ɗaya, da waƙafi tsakanin suna da lamba da girman gona.

Abin da mu ke so akawuna su lura da shi ke nan: kulle ba ya bin fayil waje. Da zarar kwafin ya fito, ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Ana iya zuba shi a filashi, ko a tura ta WhatsApp, kafin la'asar ya shiga hannu goma. In kuwa akwai lambar NIN da BVN da lambar waya a ciki, ɗan damfara ya sami abin da zai kira manomi da sunansa, ya ce daga banki ya ke.

Mai tsaron ƙofar ruwa ba ya sakin kwata duka don fili ɗaya, gwargwadon filin ya ke buɗewa. Haka ya kamata akawu ya yi. Mai taswira ba ruwansa da lambar banki, mai rabon taki ba ruwansa da bashin da a ke bin mutum. A cire waɗannan tun kafin a fitar, a kulle fayil ɗin da kalmar sirri, a aika kalmar ta wata hanya dabam, a kuma rubuta wanda ya fitar da wanda aka ba da ranar. Wannan ba shawararmu kaɗai ba ce. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu cikin Yuni 2023, ta hana a yi aiki da bayanan mutum fiye da bukatar da aka karɓe su dominta. In kuma suka ɓalle har ana tsoron cutuwar masu su, tilas a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72.

Akwai kuma ɓarnar da ba ɓarawo a cikinta. Lambar waya a ƙasarmu da sifiri ta ke farawa, amma in aka buɗe fayil da Excel ba tare da lura ba, sai ta ɗauke ta adadi, ta yar da sifirin, lamba 11 ta koma 10. Haruffanmu masu lanƙwasa su ma su kan sha wuya: in ba a zaɓi tsarin UTF-8 ba, sai Ɗanladi ya fito da alamar tambaya a goshi, banki ya ce bai san shi ba. Kwanan wata 3/4 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita bisa al'adar Amurka kuwa huɗu ga Maris. Mafi muni shi ne awo, gama hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. In ba a rubuta a kan jadawali wanne a ke nufi ba, mai eka biyu sai a bi shi kuɗin ruwan eka biyar, shi kuwa ba ya nan sa'ad da aka yi kuskuren.

Maganin wannan tsohon aikin akawu ne, wanda malaman makaranta ma sun san shi a rajistar yara. Kafin a fitar, a ƙirga mutum nawa ne, a haɗa jimlar kuɗi da ta filaye. Bayan fayil ya shiga ɗaya manhajar, a sake ƙirgawa a gwada, sa'an nan a ɗauki suna goma daga ƙauyuka dabam dabam a duba su ɗaya bayan ɗaya.